Gwajin yis a makaranta: yadda ake auna iskar da yake fitarwa, da dalilin da ya sa ba a toshe kwalba

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni malamar Bayoloji ce a wata sakandaren jeka-ka-dawo a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim, jihar Jigawa. Ɗalibaina 'yan aji biyu na babbar sakandare suna son kai gwajin yis da sukari gasar kimiyya ta shiyyarmu. Mun zuba ruwan ɗumi da sukari da yis a goruna, muka ɗaura balan-balan a baki, muna auna kewayensa da zare. Abin da ya ɗaga min hankali shi ne kowane rukuni da irin amsarsa, kuma ko rukuni ɗaya ne ya maimaita washegari sai ya sami wata daban. Gorar da muka fi sa wa sukari ma ba ta fi sauran tashi ba. Wani abokin aikina da ya girme ni ya ce iska ce ke zurarewa, wai in koma kwalbar lemo, in sa cokali uku na sukari, in toshe ta gam ta kwana, da safe a buɗe a gaban alƙalai a kyasta ashana su ga gas ne. Ya ce ya gani a waya ana girki da shi. Sannan mahaifin wata ɗaliba ya aiko yana tambaya ko giya muke koya wa yara haɗawa. Ba mu da ɗakin gwaji, kuɗin aljihuna nake sawa. Yaya zan yi in sami alƙaluman da zan iya tsayawa a kansu?

AMSA

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah ya saka miki da alheri kan abin da kike kashewa daga aljihunki. Akwai abu ɗaya da ba ya jira: shawarar kwalbar nan ki ajiye ta gefe tun yau, kada ki bari ko ɗalibi ɗaya ya ji ta, don wani zai tafi gida ya gwada. Zan dawo kanta, kuma zan daɗe. Bari mu fara gyara awon.

Ki kwantar da hankalinki, yaranki ba su ɓata komai ba. Balan-balan yana nuna cewa iska na fita, amma ba ya iya faɗa miki nawa ta fita. Guda biyu daga leda ɗaya ba kaurinsu ɗaya ba. Sabo yana turjewa da farko sannan ya saki gaba ɗaya, wanda aka taɓa hurawa tuni ya yi laushi, wanda ya sha rana a teburin mai kanti kuwa robarsa ta fara mutuwa. Ga shi iskar kabon dayoksaid, wadda yis ke fitarwa, tana ratsa roba ta fice da sauri fiye da iskar da muke shaƙa, shi ya sa idan ya kwana ake tarar da shi a yamutse alhali ba huda. Babbar matsalar ita ce zaren. Yawan iskar da ke ciki ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsawon zare. Idan balan-balan ya zagaye tsaf, kewayen santimita 20 yana ɗauke da wajen mililita 135, na 30 wajen 456, na 40 ya haura 1,000. To ki duba: yarinya ɗaya ta ja zare ta karanta 28, ƙawarta ta sassauta ta karanta 32. A ido bambancin ba komai ba ne, a lissafi kuwa ɗaya ta ce 370 ɗaya ta ce 550, a kan balan-balan guda. Kuma ban taɓa ganin wanda ya zagaye tsaf ba.

Sai zafi. Yis ya fi ƙwazo tsakanin digiri 30 da 35 ko ɗan sama kaɗan, idan ya wuce 45 ya fara galabaita, kafin 60 ya mutu. Ajin da aka yi gwaji da sassafe cikin hunturu da wanda aka yi bayan azahar a watan Afrilu ba za su taɓa ba ki amsa ɗaya ba. Ko babu yis sam, iskar da ke saman gora tana ƙaruwa da wajen kashi 7 cikin 100 idan ta tashi daga digiri 20 zuwa 40. Gorar rukunin da ke bakin taga rana ce ke hura musu wani ɓangare na balan-balan ɗinsu.

Hanyar da ta fi dacewa da makaranta irin taku ita ce a tara iskar a ƙarƙashin ruwa, ta kori ruwan, a karanta gurbin da ta ci. Ki nemi gorar roba ta rabin lita da murfinta, da tiyon ƙarin ruwa, da sirinji mai ɗaukar mililita 50 ko 60, da baho biyu, da kyandir ko gam. Tiyo da sirinji su zama sababbi a ledarsu daga kemis. Kada ki ce wa yara su zo da su daga gida, domin juji za su je ko bayan asibiti, kuma ta jinin da ya rage a irin waɗannan kaya ake ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau. Ki cire allurar tun kafin ki shiga aji. Ki datse tiyon baki biyu, ki zare abin nan da ake murzawa don tsayar da ruwa ki yar da shi, in ba haka ba yaro zai murza shi yana wasa, gorar ta koma rufaffiya ba tare da kowa ya sani ba.

A huda murfi da ƙusa mai zafi, a zura tiyo ya leƙa ciki kaɗan, a liƙe gefen da gam. A gwada kafin a zuba komai: a matse bakin tiyo, a shafa ruwan omo a murfi, a danna gorar. Inda kumfa ta ɓullo nan ne hudar. Sirinjin kuma a cire sandarsa, a toshe ɗan bakinsa da narkakken kyandir, a cika shi da ruwa a kife shi cikin baho ba tare da iska ta shiga ba, a cusa bakin tiyo ƙarƙashinsa. Lambobin jikinsa sun zama ma'auninki. Ban cika son a haɗa tiyo kai tsaye da sirinji ana jiran iska ta tura sandar ba, saboda baƙar robar nan tana cijewa ta tsaya sannan ta zabura, sai alƙalumanki su yi ta tsalle. Idan iskar ta fi ƙarfin sirinji, ki sami gora miƙaƙƙiya, ki manna takarda a gefenta, ki riƙa zuba mililita 10 kina jan layi har ta cika. Idan kin kife ta, layin farko shi zai koma sama, kuma daidai ke nan. Lokacin karantawa a ɗaga ko a sauke ta har ruwan ciki da na waje su daidaita.

A gorar yis, ruwa mililita 100 mai digiri 35 da sukari giram 5 sun isa. Kada ruwan ya kai rabin gora, don kumfa ta sami wurin tashi ba ta shiga tiyo ba. Ki tsoma gorar a baho na biyu mai ruwan ɗumi, fulas a gefe ana ƙarawa idan ya huce. Ma'aunin zafin jiki na kemis ya wadatar, tunda tsakanin 35 da 40 kike aiki. In babu sikeli, ki sayi sukari mai ƙwaya, ki raba nauyin da aka rubuta a kwali da yawan ƙwayoyin, kin san nauyin kowace. Yis kuwa kada kowane rukuni ya ɗebi nasa da cokali. Ki dama shi wuri ɗaya a kofi, ki bar shi minti 10, kina juyawa kina ɗiban mililita 10 da sirinji kina ba kowace gora. Wannan kaɗai zai kashe rabin rigimar da kike gani. Ki kuma sayi rufaffen fakiti, ba ƙullin leda na kasuwa ba wanda ba a san tun yaushe aka buɗe shi ba, kuma ki tabbata yis ne ba hodar bekin ba, don ita tana zubar da iskarta nan take ta yi shiru.

Bayan an haɗa, a jira minti 5 zuwa 10 kafin a fara rubutu. A wannan tsakanin iskar cikin gora tana ɗaukar ɗumi tana faɗaɗa, ruwan yis kuma yana shanye iskar farko har ya ƙoshi. Daga nan a karanta kowane minti 2 har minti 20, a maimaita sau uku, a ɗauki matsakaici. Idan za a girgiza, kowa ya girgiza iri ɗaya a lokaci ɗaya, ko kowa ya bari. Idan sirinji ya cika da wuri a rage yis. Da an gama a zare tiyo daga baho kafin gora ta huce, in ba haka ba za ta zuƙo ruwa baya.

Ita ma wannan hanya tana da nata aibin, kuma gara yaranki su faɗe shi da bakinsu kafin alƙali ya tambaya. Kabon dayoksaid tana narkewa a ruwa. A digiri 25 lita ɗaya ta ruwa na iya haɗiye kusan kashi uku cikin huɗu na lita. Ba ta samun lokacin yin haka duka a minti 20, amma tana cin wani abu. Maganinsa ruwan baho ya zama kaɗan, mai ɗumi, a narka gishiri har ya ƙi narkewa, wato wajen giram 36 a kowane mililita 100, a ɗiga ɗan ruwan lemun tsami musamman in ruwan rijiyarku mai kanwa-kanwa ne. Idan Allah ya sa kin sami aron ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinare, mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, akwai hanyar da ta fi sauƙi: a toshe bakin gora da auduga sako-sako, a ɗora a sikeli, a riƙa rubuta nauyin da ke raguwa. Lita ɗaya ta iskar tana da nauyin wajen giram 1.8, mililita 100 ke nan giram 0.18, don haka sikelin kicin ba zai gani ba. Ƙirga ƙwayoyin kumfa a minti kuwa ki bar wa 'yan ƙaramar sakandare.

Batun gorar da kika fi sa wa sukari ba ta fi sauran ba, wannan sakamako ne na gaskiya, kada ki goge shi. Giram 5 na sukari na iya ba da kusan lita 1.4 idan yis ya cinye shi tas, kuma a minti 20 ɗan kaɗan ya taɓa. Gudun aikin kike aunawa, ba jimillarsa ba. Da zarar sukari ya wadaci yis ɗin da ke ciki, ƙari ba ya ƙara masa gudu, idan ma ya yi yawa sosai sai ya riƙa janye ruwa daga jikin ƙwayoyin, aikin ya ja baya. Ki jera giram 0, rabin giram, 1, 2, 5, 10 da 30 a ruwa mililita 100. Za ki ga layin ya hau, ya miƙe, sannan ya sunkuya, kuma wannan zanen ya fi balan-balan goma daraja. Ko kuma su kwatanta abin da ke kasuwarku: farin sukari, mazarƙwaila, zuma, ruwan rake, dabinon Dutse, garin gero, da madarar gari marar sukari. Yis ɗin burodi ba ya cin sukarin da ke cikin madara, kuma ba ya iya farfasa sitaci da kansa, don haka biyun ƙarshe za su ba yara mamaki. Sai dai su tuna giram 5 na zuma ba giram 5 na sukari ba ne, wajen kashi 80 cikin 100 ne sukari, busasshen dabino kuma kusan biyu cikin uku. Man da littafi ke cewa a zuba a sama don hana iska shiga ba dole ba ne, yis ɗin burodi idan ya sami sukari da yawa yana yin wannan aikin ko da iska, amma ɗigo biyu na man gyaɗa suna kwantar da kumfa.

Kada a manta da gorunan shaida guda uku: yis ba sukari, sukari ba yis, da yis ɗin da aka tafasa. Idan aka tambayi yarinya me ya sa dafaffen bai yi komai ba, amsar "ya mutu" rabi ce. Louis Pasteur ya nuna tun 1857 cewa ƙananan halittu masu rai ne ke wannan aiki, amma a 1897 Eduard Buchner ya niƙa yis ya matse ruwansa, babu ƙwaya mai rai a ciki, ruwan ya ci sukari ya fitar da iska. Cikakkiyar amsa ita ce zafi ya lalata enzayim, wato sinadaran da ke cikin yis masu farfasa sukari.

To yanzu mu koma kan kwalba. Wannan shawara ba abokin aikinki kaɗai ke ba da ita ba. Kusan duk taron malaman kimiyya sai wani ya tashi da ita, da ƙarfin gwiwarsa, wani lokaci har da waya a hannu zai nuna min bidiyo. Kuskure biyu ne aka cuɗa wuri ɗaya, kuma kowanne na iya raba yaro da idonsa.

Na farko, wai iska ba ta da yawa, kwalba za ta riƙe. Mu yi lissafi. Giram 10 na sukari, ƙaramin cokalin shayi biyu da rabi ke nan, yana ba da kusan giram 5 na kabon dayoksaid, wato lita 2.8 ko fiye. Ki sa wannan a kwalbar rabin lita mai ruwa mililita 400. Ruwan zai shanye wani kaso, sauran ya taru a ɗan wuyan kwalba. A zafin digiri 30 matsin zai kai ninki 6 zuwa 7 na matsin iskar da muke zaune a ciki. Tayar ƙaramar mota biyu da ɗoriya ake ba ta. Wannan fa giram 10 ne. Malam ya ce cokali uku, idan na cin abinci ne ya doshi giram 40, kuma ya ce ta kwana, a ɗakin kwano, a ƙasar Ringim. Gaskiya ne yis yana rage gudu idan matsi ya yi yawa, amma ba ya tsayawa don ya tausaya wa kwalba. Zafi kuma yana koro iskar da ta narke a ruwa ta dawo sama, shi ya sa kwalbar da ta kwana lafiya take fashewa da hantsi, daidai lokacin da yara suka kewaye ta.

Za a ce ai kwalbar lemo don gas aka yi ta. An yi ta don adadin da kamfani ya auna ya zuba, kuma ba ya ƙaruwa bayan an rufe. Yis kuwa yana ci gaba da aiki muddin da sauran sukari. Ga shi kwalbar da za a tsinto ta sha gugar akwati da faɗuwa, da tsagar da ido ba ya gani. Wannan ma idan ta lemo aka samu ke nan. Yaron da ya koma gida abin da ya tarar zai ɗauka: kwalbar maganin tari, ta turare, ta man shafawa, waɗanda ba a yi su don matsi ko kaɗan ba. Gorar roba ma ba ta kuɓuta ba, ita dai ba ta watsa gilashi, amma murfinta na fita da ƙarfin da zai fasa ido. Kuma duk wannan kasadar a kan me? A saurari ƙarar "fuss" a ce wannan ta fi waccan? Wa ya taɓa rubuta ƙarar murfi a jadawali? Hanyar ba ta auna komai. Da an buɗe iskar ta tafi, ba a san mililita nawa ba ce.

Na biyu, wai a kyasta ashana. Gas ɗin girki na tukunya daga man fetur da iskar ƙarƙashin ƙasa ake samo shi. Wanda ake tarawa daga kashin shanu iskar mitan ce, wasu ƙwayoyin halitta daban ke yin ta inda babu iska, kuma sai an yi makonni. Yis ba ya yin ko ɗaya daga ciki. Abin da yake fitarwa shi ne ake ɗurawa a wasu tukwanen kashe gobara. Ashanar Malam mutuwa za ta yi a gaban alƙalai. Idan kin ga bidiyo an haɗa yis da sukari wuta ta kama a bakin tiyo, to akwai abin da ba a nuna miki ba, ko fetur, ko kabaid ɗin masu walda, ko tiyon yana da wani tushe a bayan labule. Masu irin wannan bidiyo kallo suke nema, su ba za su zo jinya ba. Abin da ke hana ni barci shi ne yaron da ya gwada a gida ashanarsa ta mutu. Ba zai ce bidiyon ƙarya ne ba, cewa zai yi nasa ne bai yi ƙarfi ba, ya ƙara sukari, ya ƙara kwana, ƙarshe ya ɗiga fetur ɗin babur ɗin babansa, a tsakar gidan da ke da danga da rumbu da ƙannensa a tsugune suna kallo.

Da laifinmu mu masu shirya gasa da alƙalanci. Mun saba wa yara cewa abin da ya yi ƙara ko hayaƙi ko ya tumbatsa shi ke cin kofi, yarinyar da ta zo da jadawali mai tsabta da layi uku a takarda kuwa a wuce teburinta ana duba agogo. Malami ya ga haka shekara da shekaru, dole ya nemi abin da zai fashe. Sannan ga kayan gwajin da ake kawowa makarantu a kwali, a kulle a sito, mabuɗi a aljihun mutum ɗaya, ba a fito da su sai ranar da masu duba makarantu za su zo, a jera a goge ƙura a mayar. Ki tambayi shugaban makarantarku da ladabi a buɗe miki siton, kada ki yi mamaki in kin tarar da silindar awo a ledarta. Yankin da aka buɗe sakandaren kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu tun 1977, lokacin Ringim na cikin jihar Kano, bai kamata a ce yau malama na sayen sirinji da kuɗin cefanenta ba.

Idan har wani ya riga ya rufe irin wannan kwalbar, a fitar da yara daga wurin, kada a girgiza ta, kada a ɗauke ta a rungume. A lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu mai kauri a inuwa ta huce, babba ya sa tabarau, ya kau da fuska, ya sassauta murfin a hankali ta cikin buhun. Idan kuwa ƙaddara ta faɗa gilashi ya shiga ido, kada a murza, kada a ciro, kada a wanke da ƙarfi. A kifa ƙaramin kofi a kan idon a ɗaure ba tare da dannawa ba, a nufi asibiti a ranar. Ba nono, ba tozali, ba zuma, ba mai lasar ido da harshe. Idanu da yawa ba gilashin ne ya ƙarasa su ba, kwana ukun da aka yi ana gwada maganin maƙwabta ne. Ki faɗa wa abokin aikinki duk wannan a keɓe, ba a gaban ɗalibai ba, babba ne, kuma da niyyar taimako ya faɗa. Ki nuna masa lissafin kawai.

In abin burge alƙalai ake nema, akwai shi ba tare da kasada ba. Ki saka bakin tiyo a gindin kofi mai zurfi na ɗan lokaci, sannan yarinya ta karkata kofin a kan ƙaramin kyandir kamar mai zuba ruwa. Ba a ga komai ya zubo ba, wuta ta mutu, saboda iskar ta ninka wadda muke shaƙa nauyi sau ɗaya da rabi. Daga nan su yi wa mutane bayanin abin da ke faruwa a tsohuwar rijiya, inda irin wannan iska ke kwantawa a ƙasa, mutum ya shiga ya sume, ɗan'uwansa ya bi shi ceto shi ma ya sume. A ƙauyukanmu wannan darasi ya fi kofi amfani. Don tabbatar da ko wace iska ce, ki aro ruwan kalsiyam haidiroksaid daga makarantar da ke da ɗakin gwaji, ki bi da tiyo ta ciki, zai yi fari kamar an ɗiga madara, idan aka daɗe ana bi ya sake washewa. A kiyaye shi da ido.

Shi kuma mahaifin ɗalibarki, tambayarsa tana kan hanya, kada ki raina ta kuma kada ki ɓoye masa komai. E, yis yana mayar da kusan rabin nauyin sukarin da ya ci zuwa sinadarin da ke sa maye. A giram 5, ko an bar shi ya ƙare, bai wuce giram biyu da rabi ba, a minti 20 kuwa ɗan kaɗan ne daga wannan. Aikin nan shi ke faruwa a ƙullun waina da fanke da alkubus da burodi idan an sa yis an rufe ya tashi, ramukan cikin waina sawun iskar ne, wutar tanda kuma ta kori mafi yawan sinadarin mayen. Ki sa doka a aji: ba a ɗanɗanawa, ba a fita da shi, ba ya kwana, ana gamawa a zubar a wanke goruna a gabanki. Hukuncin addini ba fagena ba ne, in yana son fatawa ya tambayi malamai, amma ya je musu da bayanin abin da ake yi na haƙiƙa, ba abin da aka ji a majalisa ba. Ki sanar da shugaban makaranta tun kafin maganar ta zagaya gari, sannan ki aika wa mahaifin da gaisuwa ki gayyace shi ranar da za a maimaita gwajin, ki ba 'yarsa aikin karanta sirinji da rubuta alƙaluman.